Ranar da Aka Fasa Tukubar Iliyasu

Danga ɗaya ce ta raba gidana da na Iliyasu mahauci, dangar kara kuwa, irin wadda in ya yi tari da safe nake ce masa sannu daga tsakar gidana. Saboda haka in na ce na san shi, ba sanin shanu nake nufi ba. Sunana Aina'u, ina koyarwa a firamaren Tudun Ɗinya, ƙauyenmu da ke gefen hanyar Minjibir. Mu nan gonar wannan a bakin ta wancan take ƙarewa, gida kuma jingine yake da gida, ko miya ce ta ƙone maka sai maƙwabta sun riga ka sani.

Iliyasu gadon fawa ya yi. Tsofaffi sun ce da yana saurayi babu kamarsa a hawan ƙaho, wasan nan da samarin mahauta ke yi da bijimin da za a yanka. Wata jajiberin salla wani baƙin sa ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya bi ta kan ƙugunsa. Ya tashi, amma tun daga ranar yake jan ƙafar hagu. Ni da na zo aure ƙauyen na same shi dattijo, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo Sa'adiya tana aure a Bacirawa, can Kano. Kullum in rana ta yi tsaka zai kafa tsinkayen tsirensa a jikin tukuba, wato tudun tokar nan da ake hura wuta a tsakiyarsa, a gindin ɗinyar da ke bakin titi. Hayaƙin shekara da shekaru ya mayar da idonsa jawur.

Ba zan ce waliyyi ba ne. Taurin kai gare shi kamar me, kuma in babba ya tsaya yana masa ciniki mai tsawo sai ya ce, "Je ka ci wake, ya fi arha." Amma yara sun san wani Iliyasun daban. Duk yaron da ya gifta, ko na waye, sai ya yanko 'yar tsoka ko guntun hanta, ya dangwala a ƙuli, ya goge wuƙar a cinyarsa ta hagu, ya miƙa hannu ya ce, "Zo ka karɓi naka." Rabin magidantan ƙauyen nan da wannan kalmar suka girma. In babbar salla ta zo kuwa, shi ke bi gida-gida yana fiɗa, kuma tunda maigidana ya rasu da gidana yake farawa, don ya san ba ni da namiji babba.

Tsallaken titi, daidai saitin tukubar, akwai rumfar cajin waya ta Zaharaddini. Ɗalibina ne, ni na koya masa haɗa baƙi. Ya yi karatu a Kano ya dawo babu aiki, sai ya kafa rumfa, yana zaune daga safe zuwa yamma yana kallon titi yana rubuce-rubuce. Yaro ne mai ladabi, ba ya shan komai, ba ya zagi. Wata rana ya yi sallama ya miƙo mini wani ɗan littafi siriri mai jan bango, ya ce, "Malama, na buga. Ke ce ta farko." Labaran ban tsoro ne gajeru ya tara, ya sa musu suna Masu Yawo da Rana Tsaka. Na ji daɗi har raina, don ba kullum malama ke ganin irin wannan ba.

Ni kuwa ba a ba ni littafi in yi shiru. Labaran farko, gaskiya, ba su tsorata ni ba ko kaɗan. Akwai na wata aljana da ke zaune a wani dogon bene a birni tana hawa da sauka cikin lif, na'urar nan mai kai mutane sama. Yaron da ko bene mai hawa biyu bai taɓa kwana ba, ina zai san abin da ke ba mutanen can tsoro? Jini kuma yake kwararawa kamar daga randa, a sare kai, a tsinke hanji, har abin ya daina ɗaga hankali ya koma ban dariya. Kowane shafi sai ka ci karo da "kwatsam." Matan cikin littafin duk baki ɗaya gare su, daga ihu sai suma, har na ce ko bai taɓa jin uwarsa tana magana ba. Ƙarshen labaran ma kusan iri ɗaya ne: in ya rasa yadda zai yi, sai wani malami ya ɓullo da carbi komai ya lafa.

Amma da ya dawo gida, wato da ya fara rubuta abin da idonsa ya sani, sai alƙalamin ya canza. Ya san cewa a wajenmu tsakiyar gonar dawa da rana tsaka, lokacin da ko tsuntsu ba ya kuka, ta fi maƙabarta ban tsoro. Akwai labarin wata rijiya da ake jefa guga yana fitowa a bushe, kullum a bushe, alhali ana jin motsin ruwa a ƙasa. Babu jini ko ɗigo a cikinsa, amma sai da na kwana biyu ina aiken wani ya ɗebo mini ruwa. Sai na ƙarshe, wanda ya fi kowanne, mai suna Mai Tukuba. Wani maye ne da ke sayar da tsire. Yana jan ƙafar hagu, idonsa ja, yana goge wuƙa a cinya. In yaro ya karɓi 'yar tsokar da ya miƙa masa, sai kurwar yaron ta biyo hannun, shi kuma ya binne ta a cikin tokar tukuba tana gasuwa a hankali, yaron yana can gida yana fama da zazzaɓi. Tsikar jikina ta tashi. Da na kai inda mayen ke cewa "Zo ka karɓi naka," sai tsoron ya koma ɓacin rai.

Ban jira gari ya waye sau biyu ba, na same shi a rumfa. Na ce, "Zaharaddini, wannan wane irin wauta ne? Ka ɗauki mutum da ransa ka cusa a littafi?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, ai ƙirƙira ce. Ban kira sunan kowa ba."

Na ce, "Ka bar masa ƙafarsa, ka bar masa idonsa, ka bar masa maganarsa. Wane suna kuma ya rage?"

Ya ce ai ko a makaranta an ce marubuci ya rubuta abin da ya sani. Na ce an dai ce, amma ba a ce ya sa wa maƙwabcinsa maita ba. Ya sosa ƙeya ya ce wa ma zai karanta a ƙauyen nan.

A nan ya yi gaskiya, littafin bai sayu ba. Sai dai yaron yana da murya, ya karanta labaran da bakinsa ya naɗa a waya, duk wanda ya kawo caji sai ya tura masa kyauta. Kafin ka ce me, mata na surfe suna saurare, samari na ciyawa suna saurare, yara kuma suna raɓe suna ji. Na aljanar bene ba wanda ya kula da shi. Mai Tukuba kowa ke nema. Har shi Iliyasun aka kunna masa. Ya saurara tsaf har ƙarshe, ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai, yaron nan ya iya ƙarya. Ni kaina na ji tsoron kaina." Amma na lura yara sun fara canza hanya in sun zo kusa da ɗinyar.

Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya shiga gida-gida kamar yadda ya saba. Cikin waɗanda ya kama har da Zulfa, 'yar Sabiru da Fadima, ɗalibata 'yar aji biyu, yarinya mai surutu da son tsalle. Nata ya yi tsanani har tana sanƙarewa. Mai kemis ya zo ya fara yi mata allurai, ya ce a ba su lokaci. Washegari wajen rana tsaka, jikinta na ci kamar garwashi, ta ƙwalla ƙara ta ce, "Mai tukuba! Ya sa ni a toka! Zafi, Inna, zafi!" A wajenmu in marar lafiya ya kama suna, magana ta ƙare. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa yarinyar ta sha jin labarin nan a wayar uwarta.

Ina cikin aji na ji hayaniya ta nufi bakin titi. Da na isa, sun riga sun kewaye shi. Sabiru ne a gaba, idonsa ya kumbura don kuka, riƙe da fartanya. Shi ma fa yana yaro ya sha karɓar nasa a wannan hannun. Ya ce, "Baba, ina ka sa ta?" Iliyasu ya ce, "Wa?" Bai rufe baki ba wani ya shaƙo wuyan rigarsa ta baya ya fizge shi ƙasa. Suka hau tukubar da fartanya da galma, tsinkaye suka watse, toka mai zafi ta turnuƙe wajen. Suna tona suna neman kurwar yarinya. Sai wani ɗan ƙadangare da ke fake a gindin tudun ya fito a guje, wani ya ce, "Ga ta nan! Wallahi ga ta nan!" Daga nan hankalin kowa ya gushe.

Na sha ganin faɗa, amma ban taɓa ganin an daki tsoho haka ba. Da sanda, da itacen wutarsa mai ci, da ƙafa. Wani ya samo taɓarya ya sauke masa a kafaɗa, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Bakinsa ya fashe, haƙora biyu suka faɗo cikin toka. Bai yi ihu ba, yana dai kare kansa da hannu ɗaya yana salati. Zaharaddini ya ƙetaro titi a guje yana cewa, "Ku tsaya! Ni na ƙirƙira! Wallahi ƙarya ce, ni na rubuta!" Wani ya ce, "In ƙarya ce, ya aka yi yarinya ta kira shi?" Aka ɗauki katakon benci aka rafka masa a goshi, jini ya rufe masa fuska, ya zube a kwata. Ni ma na kutsa ina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, don yawancinsu sun zauna a ajina. Gwiwar hannun wani ta same ni a baki, na tsinci kaina a ƙasa hijabina a yage. Dagaci ba ya gari, ya tafi Minjibir. Liman ya zo da sandarsa yana cewa haramun ne, ku ji tsoron Allah, muryarsa ko gabansa ba ta wuce ba.

Suka ja Iliyasu a ƙasa har ƙofar gidan Sabiru. Aka fito da Zulfa a tabarma aka shimfiɗe, idonta a kafe. Al'adar ita ce, wanda ake zargi ya tsallake marar lafiya, wai da haka yake sakin kurwar da ya kama. Sabiru ya ce, "Tsallake ta."

Iliyasu ya tofar da jini ya ce, "Ban ci kowa ba."

"Tsallake ta, Baba!"

"In na tsallake na amsa ke nan. Ina da jikoki a Bacirawa."

Kowa a wajen ya san abin da yake nufi. Mu nan an ɗauka maita jini take bi. Wanda ya tsallake ba kansa kaɗai ya shafa wa ba, har 'ya'yansa da 'ya'yan 'ya'yansa, ba mai cin abincinsu, ba mai neman aurensu da daɗin rai. Aka sake rufe shi da duka. Wani ya kawo galan na fetur daga wajen mai sayarwa a kwalba ya juye masa daga kai har ƙafa, wani yana ta laluben ashana a aljihu. Iliyasu ya rufe ido, ya ce, "Ku ƙona. Ba zan tsallake ba." Na faɗa muku taurin kai gare shi. Na tabbata a ranar da sun ƙona shi da bai ɗaga ƙafa ba.

Sai Fadima ta fito, ko mayafi babu. Ta ratsa mazan ta durƙusa a gabansa, ta kama ƙafar nan tasa marar lafiya da hannu biyu. Ta ce, "Baba, ni ban ce kai ne ba. Wallahi ban ce ba. Amma ita ke nan gare ni. Don girman Allah ka tsallake, ko ba kai ba ne."

Iliyasu ya buɗe idon da bai kumbura ba, ya daɗe yana kallon yarinyar. Sannan ya dafa bango ya miƙe. Ya tura ƙafar dama ta wuce, ta hagun ta ƙi tashi. Sai ya sunkuya ya kama gwiwar da hannunsa mai lafiya, ya ɗaga ta kamar mai ɗaukar dami, ya ƙetarar da ita. Jini da fetur suka ɗiga a gefen tabarmar. Ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, 'yar nan." Aka buɗa masa hanya. Ni na riƙe shi har gida, ba wanda ya taya ni.

Kafin magariba zazzaɓin Zulfa ya sauka, washegari ta nemi koko. Ni na san allurai ne suka yi aikinsu, mai kemis ya sani, liman ma ya faɗa a masallaci. Amma wa zai saurara, alhali kowa ya gani da idonsa an tsallake ta ta tashi? Na yi murna da warkewarta, na kuma yi kuka har na gode Allah, don na san abin da warkewar ta tabbatar a zukatansu. Da ta mutu da sun kashe shi. Da ta rayu sai suka bar shi da rai, suka bar masa sunan.

Aka yi zaman sulhu a gidan dagaci, aka ce kowa ya yi haƙuri, kamar wanda aka taka wa ƙafa a kasuwa. Zaharaddini ya warke da tabo a goshi. Ya tattara sauran littattafan ya cinna musu wuta a bayan rumfa, ya naɗi sabuwar murya yana rantsuwa cewa labarin daga kansa ya fito. Wannan ba wanda ya tura wa wani. Har yau in na tuna littafin nan raina na ɓaci, don labaran da bai iya ba ba su cuci kowa ba, guda ɗayan da ya iya shi ne ya rusa mutum. Zaharaddini ya zo ya durƙusa a zauren Iliyasu yana kuka. Ina ji ta danga tsohon ya ce masa, "Tashi. Ka iya kallo, yaro. Ban san ana kallona haka ba." Daga baya ya rufe rumfar ya koma Kano, ban kuma jin ya rubuta komai ba.

Labari ya riga mu isa Bacirawa. Sa'adiya ta zo jinya idonta duk ya faɗa, ta ce mini matan layinsu sun hana 'ya'yansu cin komai a gidanta. Ta so ta tafi da shi, dangin mijinta suka ce a dakata tukuna. Da kafaɗar ta ɗan haɗe sai ya kwaɓa toka ya sake gina tukubarsa a inda take. Yana nan har yanzu. Masu sayensa baƙi ne da suka sauko daga mota, sai ni.

Da babbar sallar da ta biyo baya ta zo, tun jajibere nake jin yana wasa wuƙaƙensa a dutse. Bayan an sauko daga idi ya shigo ya feɗe mini ɗan ragona kamar kullum, ya wanke hannu, ya koma ƙofar gidansa ya shimfiɗa buzu ya jera wuƙaƙen ya zauna. Mutane na ta wucewa da sababbin kaya, wasu su gaishe shi daga nesa. Ashe sun ɗauko samarin mahauta daga Minjibir. Har aka yi la'asar ba wanda ya kira shi. Na kasa jurewa, na leƙa na ce, "Baba, zo ka taya ni suya, ni kaɗai ba zan iya ba." Ya san ƙarya nake, amma ya taso.

Yana zaune a bakin murhuna yana juya hanta sai muka ji sallama. Zulfa ce, da sabon kitso da lalle, ɗauke da kwano a rufe. Ba ta gan shi ba, don hayaƙi ya tare. Ta ce, "Malama, in ji Inna, wannan naki ne, wannan cinyar kuma wai ki miƙa wa Baba Iliyasu ta danga." Shi kuwa hannunsa ya riga tunaninsa. Ya yanko guntun hanta, ya goge wuƙar a cinya, ya miƙa ya ce, "Zo ki karɓi naki."

Yarinyar ta juyo ta gan shi. Ta saki kwanon, ta ƙwalla ƙara, ta fita a guje ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba. Naman ya watse a ƙasa.

Ya daɗe hannunsa a miƙe. Sannan ya ajiye hantar a gefen faranti, ya ja ƙafarsa ya je ya tsuguna yana tsince naman daga cikin yashi. Ni kuwa hawaye kawai nake. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Alhamdu lillahi, Malama. Kin ga gudu? Ta warke sarai."

Ya jawo buta ya shiga wanke naman, tsoka bayan tsoka.